Inna ba ta kiran sunan Bara'atu

Duk macen da ta taɓa haihuwa a ƙaramin asibitin unguwarmu, can wajen Gidan Igwai a Sakkwato, ta san Bara'atu ungozoma. Doguwa ce, mai saurin tafiya, ba ta da lokacin surutu. Ni Wasila tare muka fara aiki da ita tun muna 'yan mata, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin titi na tsinto shi ba.

Bara'atu ɗiyar fari ce, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a gidajenmu. Ana yaye ta aka miƙa ta Dundaye wurin kakarta. Uwarta, Inna Sadiyatu, ba ta taɓa kama sunanta ba. Daga "ke" sai "waccan". In ta kama dole, ta ce "yayar Mu'az". Shi kuwa Mu'az, ƙanen nata, sunansa a bakin Inna yake kwana yake tashi, ga kirari, ga lallashi, alhali ko panadol bai taɓa kawo mata ba. Wai kunya! Wallahi ni wannan kunyar haushi take ba ni. Mace ta haura arba'in, ta karɓi haihuwar rabin unguwa, amma ba ta san yadda sunanta yake fita daga bakin da ya haife ta ba.

Bara da ta sami hutun shekara sai ta ce mini za ta kai iyayenta Misra su huta. Babanta, Malam Attahiru, tsohon malamin Larabci ne, ya daɗe yana begen ganin jami'ar Azhar. Na ce mata, "Ke dai faɗi gaskiya, don Baba ne?"

Ta ce, "Wasila, can babu dangi, babu maƙwabta. Wa za ta ji wa kunya? Sau ɗaya kawai nake so ta kira ni."

Suka tafi su uku. Ta kai su Azhar, Malam har da hawaye. Ta sa su a jirgin ruwa a kan kogin Nilu, Inna ta ƙanƙame kujera tana salati. Ɗaki ɗaya suke kwana da Inna a otal, ita ke matsa mata ƙafa, ita ke dama mata kunun da suka tafi da garinsa, don Inna ta ce burodin Larabawa ba abinci ba ne. Duk da haka in tana son ruwa sai dai ta ce, "Ke, miƙo."

Rannan da hantsi, Malam ya fita masallaci, Bara'atu ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, nan ba kowa. Don Allah ki kira sunana, ko a hankali ne."

Inna ta ja mayafi ta juya fuska bango.

"Ke wagga, mi as same ki? Ashe kin kawo ni ƙasar mutane ne ki tuɓe min kunya?"

Washegari gwiwar Malam ta motsa, ya zauna a otal, su biyu suka shiga wani katafaren kanti mai hawa-hawa sayen tsaraba. Bara'atu na duba wa jikoki takalma, ta waiga, babu Inna. Tsohuwar da ba ta jin Larabci, ba ta jin Turanci, wayarta ma tana cikin jakar ɗiyarta! Bara'atu ta hau sama, ta sauko ƙasa, takalminta ya tsinke, ta ci gaba ba takalmi tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Ashe masu gadi sun tsinci Inna sun kai ta ofishinsu, aka samo wata 'yar kasuwa Bakanuwa ta yi tafinta. Matar ta ce, "Hajiya, faɗi sunan 'yar taki a kira ta a lasifika." Inna na hawaye shaɓe-shaɓe, amma bakin ya ƙi. Bakanuwar ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ce, "Haba baiwar Allah, ɓata fa kika yi!" A banza.

Can Bara'atu na tsaye kan bene sai ta ji muryar mace da Hausa ta cika kantin: "Yayar Mu'az daga Sakkwato, ki zo ofishin masu gadi."

Ta ce mini a nan ta daina kuka. Ta je, ta yi wa Bakanuwar godiya, ta kama hannun uwarta suka koma otal. Ba ta sake roƙon komai ba har suka sauka gida.

Da ta kawo min tsarabar turare na ce mata, "Yi haƙuri, ai tana son ki, al'ada ce." Ta kalle ni ta ce, "Na sani. Shi ya fi ciwo. Ta gwammace ta ɓata a duniya da ta faɗi sunana." Ni ma raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Bayan sallar layya Inna ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye, maganar ta ɗauke. Mu'az ya ce gidansa ya yi ƙanƙanta, kun ji fa. Bara'atu ce ta ɗauko ta ta kawo gidanta a Arkilla. Ita ke yi mata wanka, ita ke ɗura mata kunu da cokali. Masu zuwa dubiya suna cewa, "Dubi yadda take bin ki da ido, kamar tana son faɗin wani abu." Bara'atu sai ta goge wa Inna baki.

Ita ma Bara'atu tana da ɗiyar fari, Nabila. Maƙwabta na gulmar wai Bara'atu ba ta da kunya, don kullum da yamma sai ta tsaya tsakar gida, daidai tagar ɗakin Inna, ta ɗaga murya har titi ya ji: "Nabila! Nabila!"

Yarinyar ta fito da gudu ta ce, "Ga ni, Mama, me zan yi?"

"Ba komai. Kiran ki kawai na yi."