Inuwar Hawa na Biyar

A garinmu ba a fara gini sai an kafa dogayen sanduna daidai tsayin da zai kai, don maƙwabta su gani, mai ƙorafi ya yi.

Ga mai zanen ginin tsaye a ƙarƙashinsu, doguwa, takalmanta duk taɓo, ta matse zanen a hammata. Da gani ta daɗe tana jiran aiki irin wannan. Mai filin yana cikin mota yana waya, hawa biyar yake so cif.

Tsoho Imhof ya leƙo ta shingensa. "'Yar nan, za ki cinye mana rana. A bencin nan matata ke shan hantsi."

"Baba, an auna, ban karya doka ba."

"Dokar ce za ta ɗumama ta?"

Mai zanen ta zagaya ta zauna kusa da tsohuwar, inuwar sandar ta kwanta musu a cinya. Ta warware zanen, ta cire murfin alƙalami da haƙori, ta dubi motar.

Har bas ɗina ta iso ba ta soke komai ba, murfin kuma yana bakinta.