Sunanka Sammani Gana, Ba Malam Casa'in da Tara Ba

Ranar Talata, 14 ga watan Maris, 1978, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsakiyar darasin buga tafireta, malamin tarihi ya leƙo ta taga ya ce Malam Sammani Gana ya cika a asibiti, bayan kwana shida yana fama da ciwon ciki. An yi masa sutura a gidansa na Fagge, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ya bar matarsa Hajja Yakaka da 'ya'ya biyar. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a Sakandaren Haɗin Kai, wadda ke kan iyakar Fagge da Sabon Gari. Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma. Haka ku Musulmi kuke cewa, mu ma a cocinmu ba mu da maganar da ta wuce wannan.

Malam, ni ce Veronica Okechukwu, abokiyar aikinka. Da na so in yi kukana a ɗaki in yi shiru. Amma ranar sadakar uku ina zaune a cikin gida tare da mata, sai muka jiyo wani a ƙofar zaure yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam Casa'in da Tara," wasu kuma suna gimtse dariya. Hajja Yakaka ta ji. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun daga ranar zuciyata take tafasa, domin ni na san inda wannan suna ya samo asali, na kuma san ba kai ka cancance shi ba.

A Sabon Gari aka haife ni. Yaƙin basasa ya kore mu, ya cinye mijina Sylvester, na dawo a 1971 da yara biyu da takardar shaidar iya buga tafireta. Makaranta uku suka maido ni daga bakin ƙofa. A ta huɗu ka same ni zaune a kan benci, ka gaishe ni, na amsa da Hausa, ka yi dariya ka shiga wurin shugaban makaranta. Ina jin ka kana ce masa, "Ranka ya daɗe, matar nan ta fi ni Hausar Kano, ni Babarbare ne, har yau yara suna gyara mini magana. In ka ɗauke ni, me zai hana ka ɗauke ta?" Aka ɗauke ni a kan kwantiragin shekara-shekara, wanda har gobe shi nake kai. Da yamman nan Hajja ta aiko mini da burabusko a kwano mai murfi, alhali ko fuskata ba ta taɓa gani ba.

Shekarar da aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, malamanmu suka cika harabar makaranta da sababbin babura da rediyo mai kaset. Kai kuwa ka bar tsohon kekenka yadda yake, ka tafi Zariya kwas na hutun dogon zango. Ka dawo bakinka ba ya rufuwa da labarin kwamfutar jami'a, wata na'ura da ta cika ɗaki guda, wadda aka riga aka ɗura wa dabarun ƙididdiga. Ka ce ba ta jin magana sai ta kati: kowane mutum da aka yi wa tambaya katinsa ɗaya, a huda amsoshinsa a jiki, a ɗora wasu katuna a sama masu gaya mata abin da za ta yi, ita kuma ta buga sakamako a doguwar takarda.

A ɗakin malamai aka ce ka zautu. Me yaron sakandare zai yi da abin da manyan jami'a ma layi suke bi kafin su taɓa? Amsarka ba ta taɓa canzawa ba. Ka ce yaro yana ƙare darasi guda yana haɗa lambobi arba'in, kafin ya kai ga tambayar abin da lambobin suke nufi ya gaji, an buga ƙararrawa. A bar na'ura ta yi dakon haɗawa da rabawa, yaro ya yi tunani. Kuma ba ka taɓa barin ɗalibi ya ga takardar na'ura ba sai ya fara gwada lissafin da hannunsa a kan mutum ashirin. Masu cewa ka koya wa yara lalaci ba su taɓa shiga ajinka ba. Ni na shiga. Shekara biyu ina zama a bencin baya duk lokacin da ba ni da darasi, tun ina jin kunya har na daina.

Bara ka ba 'yan aji biyar aikin da ya fi kowanne girma. Su talatin da ɗaya ne, kowa ya tambayi mutum ashirin a unguwarsu: shekarunsa, sana'arsa, da iya karatun da ya yi. Mutum ɗari shida da ashirin, daga Fagge da Rijiyar Lemo da Sabon Gari. Wani kamfani a Bompai ya yarda mu riƙa amfani da injinsu na huda kati ranar Asabar da safe, kuma da yake injin kamar tafireta yake, ni na zauna na huda su duka.

To, ga inda casa'in da tara ta shigo. Mutanen Sabon Gari galibi suna da takardar baftisma, sun san shekarunsu. A Rijiyar Lemo kuwa yara suka riƙa dawowa da amsoshi irin su "shekarar fara" da "Allah ne masani". Fiye da rabi ba su faɗi adadi ba. Ka hana yara su ƙirƙira. Ka ce duk wanda bai san shekarunsa ba a rubuta masa 99, sannan a sa kati ɗaya a sama wanda zai gaya wa na'ura cewa 99 ba shekaru ba ne, ta tsallake shi. Ka rubuta mini umarnin da hannunka, na huda katin. Ranar da za ka tafi Zariya ni na jera katunan, ni na ɗaure su, ni na miƙa maka. Wancan kati ɗaya ya maƙale a cikin rajistar ajina, ban gani ba.

Takardar sakamakon da aka aiko daga Zariya ta iso da safiyar ranar da hukumar makaranta ta zo ganin abin da ka daɗe kana yi musu alkawari. Ba ka samu ka duba ba, a gabansu ka warware ta. Na'ura ta ce matsakaicin shekarun mutanen Sabon Gari ashirin da tara ne, na mutanen Rijiyar Lemo sittin da takwas. Wani Alhaji ɗan hukumar, mai shaguna a Kantin Kwari, kuma a Rijiyar Lemo yake zaune, ya gyara babbar riga ya ce, "Malam, ashe unguwarmu gidan tsofaffi ce ba mu sani ba? To jikana na goye yaushe zai fara karɓar fansho?" Aka tuntsire da dariya. Ka dubi takardar, ko minti ɗaya ba ka yi ba ka gano abin da ya faru. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ba ka ko kalli inda nake ba. Ka ce, "Na'ura ta ɗauki casa'in da tara a matsayin shekaru. Kuskurena ne." Kafin a tashi makaranta sunan ya zagaye ko'ina.

Da na ga katin a rajista na kawo maka ina kuka, na ce zan je in faɗi gaskiya. Ka ce, "Malama, ni dariya kawai za su yi mini. Ke kwantiragi gare ki, ga 'ya'yanki Ikechukwu da Nneka. Ki yi shiru, na roƙe ki." Na yi shiru. Wata huɗu ina ji ana kiranka da sunan nan a ɗakin malamai, a wurin mai shayi, har yaran aji ɗaya suna raɗa shi in ka wuce, ni kuwa na yi gum da bakina ina karɓar albashina. Ka ce in yi shirun, gaskiya ne, amma tsoro ne ya sa na bi maganarka da sauri haka. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Abin da masu dariya ba su sani ba shi ne abin da ka yi da takardar. Da wani malamin ne, da ya yaga ta. Kai ka manna ta a allo washegari, ka ce wa aji, "Wannan lissafi daidai ne, kuma ƙarya ne. Ku nemo mini dalili." Kwana biyu suna gardama. Zaituna, 'yar Rijiyar Lemo, ita ta miƙe ta ce, "Malam, kakata tana cikin waɗanda aka sa wa casa'in da tara, kuma wallahi ba ta kai ba. Na'urar ba ta san ba mu sani ba ne." Wata 'yar ajin, Ifeoma, ta ɗauki alli ta cire duk masu 99 daga mutum ashirin na Zaituna, ta sake rabawa, adadin ya faɗo ƙasa warwas. Ajin ya kaure da ihu har shugaban makaranta ya aiko a ji ko lafiya. Ran nan yara talatin da ɗaya suka koyi cewa lamba ba ta zama gaskiya don inji ne ya buga ta, sai an tambayi yadda aka samo ta. A ƙasar da aka ƙirga mutane shekara biyar da suka wuce aka kasa yarda da adadin, ina so a nuna mini darasin da ya fi wannan amfani.

Yanzu, ko kwana bakwai ba ka yi a ƙasa ba, an manna sanarwa cewa an rufe ajin ƙididdiga, yaran su bar wannan sashe a jarrabawar da ke tafe a watan Mayu, a kuma kwashe kwalayen katunanka daga kabad domin ana bukatar wurin. An ce ai gwajin ya riga ya nuna kansa.

To, ku saurara, 'yan hukuma da shugaban makaranta. Gwajin bai faɗi ba. Malam Sammani bai yi kuskure ba. Ni, Veronica Okechukwu, ni na bar kati ɗaya a rajista, kuma katin yana hannuna. Kwalayen da kuka ce a kwashe na riga na kwashe su. Ranar Asabar zan mai da katin inda ya kamata ya kasance, in hau mota in kai su Zariya da kaina, in kawo takardar in manna a ƙofar ɗakin malamai, kowa ya karanta. Ranar Litinin da ƙarfe takwas zan shiga ajin nan in ɗora daga shafin da ya tsaya. Ban kai shi sani ba, ko kusa, amma littafin darasinsa yana wurina, kuma Zaituna da Ifeoma za su gyara mini inda na kauce. In kun kulle ajin, tsakar gidana a Sabon Gari tana ɗaukar mutum talatin da ɗaya in an matsa. Kwantiragina zai ƙare a watan Yuli, na sani, kun sani. Kwafin wannan rubutu na ajiye shi a teburin shugaban makaranta da hannuna kafin in aika wa jarida, don kada a ce a bayan ido na yi magana.

Malam, ka gafarce ni, na karya alkawarin da na yi maka. Ka roƙe ni shiru don ka kare abincin 'ya'yana, amma naka 'ya'yan su ma a garin nan za su girma, kuma sunanka ne gadonsu.

Allah ya jiƙanka, Malam Sammani Gana. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya sa ilimin da ka ba yaran nan ya riƙa bin ka da lada. Ya saka maka da alheri a kan sirrin da ka rufa mini, ya rufa naka a ranar da babu mai rufawa sai shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa biyar, da 'yan'uwansa na nan Fagge da na Barno, da 'yan aji biyar waɗanda suka bi gawarsa a ƙafa cikin kayan makaranta. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Hajja Yakaka, ke ce ta ƙarshe. Na zauna kusa da ke kwana uku a kan tabarma, kika riƙe hannuna kina ba ni haƙuri, ba ki san ni ce na jawo wa mijinki abin da ya sa kika rufe fuska ba. Shi ya tafi, ba zan ƙara samun bakin roƙonsa ba. Gobe in Allah ya kai mu zan zo gidanki in durƙusa. In kin yafe mini, na gode. In ba ki iya ba tukuna, zan ci gaba da zuwa.

Veronica Okechukwu
Sabon Gari, Kano