Injin da Na Ɓoye wa Baba

Baba bakanike ne. Shekara arba'in ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a Kaduna, kuma ya rantse ɗansa ba zai gaje shi ba. Kullum na dawo daga makaranta sai ya ce in miƙo hannuwana, ya sunsuna. In ya ji warin baƙin mai, to ranar kunnena ya shiga uku. "Hannunka na biro ne," haka yake cewa. Na bi maganarsa, na yi karatu, na samu aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja. Amma son inji bai taɓa barina ba, laɓewa kawai ya yi.

Bayan dawowar mulkin farar hula gari ya buɗe. Albashi ya ƙaru, kowa na yawo da wayar salula a ƙugu, duk inda ka waiga gini ake yi. A lokacin ne ma'aikatarmu ta yi gwanjon tsofaffin motoci. Abokan aiki suka yi rububin masu lafiya, ni kuwa idona ya faɗa kan wata tsohuwar motar Jamus mai ƙofa biyu, silinda shida, kafireto biyu, irin wadda aka ƙera don gudu. Tayoyinta sun zauna, ɓeraye sun yi gida a kujerun. Da aka jawo ta gidanmu na Kado, matata ta fito ta zagaye ta sau ɗaya.

"Wannan kuma fa?" ta ce. "Kaji za mu zuba a ciki?"

Wata bakwai na yi a kanta, kowace Asabar da Lahadi, daga hantsi zuwa la'asar. Na sa aka samo mini littafin injin daga Legas. Na sauke injin a bayan gida, na warware shi ƙarfe ɗaya-ɗaya, kowane noti da gwangwanin madarar da na rubuta wa suna. Na wanke komai da kananzir. Na sa sababbin fistin da ringi, na goge hanyoyin iska har suka yi santsi, na zauna ina murza bawul goma sha biyu a tafin hannu kamar mai burga miyar kuka. Har sifana ta musamman na saya, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ɗaurin da littafi ya faɗa. Ran Litinin kuwa in tafi ofis ina ɓoye farcena a aljihu.

Wanda ke nemo mini kaya wani bakanike ne ɗan Filato da ke da rumfa kusa da tashar Jabi. Mutumin kirki ne, kuma ya san ƙarfe. Ranar da na zo haɗa hanyar ruwa ya leƙo, ya tarar da ni riƙe da tamosta, wato ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwan lagireto har sai inji ya yi ɗumi sannan ya buɗe.

"Oga, jefar da wannan," ya ce. "Na ƙasar sanyi ne. A Najeriya babu mota da yana tafiya da shi. Ka shiga gosulo na Nyanya, inji zai dafu."

Na ce littafi ya ce a sa. Ya yi dariya har da dafa bango.

"Littafi bai san ranar Abuja ba. Tambayi kowane makaniki. Babanka ma zai gaya maka."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kayar da ni. Duk kanikawan ƙasar nan haka suke yi, mota na sauka daga jirgi za a cire mata shi. Ni kuma ba na son a ce mini ɗan boko mai bin takarda. Na jefa tamostan a gwangwani, na ɗaure tiyo. A nan kaɗai na saɓa wa littafin.

Injin ya tashi a bugu na uku, na yi ihun da ya fito da maƙwabta. Sai dai murnar ba ta daɗe ba. In na taka totur ya yi ruri mai daɗi, in na ɗaga ƙafa sai ya riƙa rawa yana tari. Fulogi na yin baƙi, ga shan mai. Mako uku ina murɗa kafireton nan biyu, in daidaita da safe, kafin azahar sun saɓa.

Ana cikin haka aka ce za a kawo Baba Abuja a yi masa aikin yanar ido, don a lokacin sai dai ya ga inuwar mutum. Ina da shekara arba'in da 'ya'ya uku, a ofis ana ce mini oga, amma na tsorata. Ba faɗansa nake gudu ba. Tsorona kada ya ga duk wahalar da ya sha a kaina ta tashi a banza, ya koma gida da baƙin cikina. Na rufe motar da tamfol, na dirje hannuwana da sabulu da lemon tsami, na roƙi matata kada ta ce komai.

Washegarin zuwansa muna shan koko a tsakar gida ya ɗaga kai.

"Me aka rufe a bayan gida?"

"Wasu kaya ne, Baba."

"Kayan da ke warin ɗanyen fetur? Kama ni mu je."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na riƙe hannunsa muka je, na yaye tamfol, na buɗe bonet. Ya sunkuya yana bin injin da yatsu, noti bayan noti. Ya tambayi garejin da aka yi aikin. Na ce ni na yi, a nan wurin.

"Tayar," ya ce.

Na tayar. Ya ɗora tafinsa a kan tiyon sama na lagireto, ya tsaya kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ko minti biyu ba a yi ba ya ce in kashe.

"Ina tamostan?"

"Na cire, Baba. An ce a ƙasar zafi..."

"Wa ya ce?"

"Haka kanikawa ke yi. Na zaci kai ma haka kake yi."

"Ni?" Ya miƙe tsaye sosai. "Shekara arba'in ina rigima da 'yan gareji a kan ƙarfen nan! Tiyon nan ya kamata ya zauna da sanyi, sai can ya ɗauki zafi lokaci ɗaya. Naka tun da ka tayar yake ɗumi-ɗumi. Injin da bai kai zafinsa ba, ta ina za ka daidaita masa mai? Mutanen da suka ƙera shi ba su san akwai rana a duniya ba ne? Wuri ɗaya ka bi 'yan gareji, kuma nan ɗin ne ka ɓata."

Kunya ta kama ni, amma kunnena ya riƙe kalma biyu: wuri ɗaya. Ashe duk lalubensa bai samu wani aibin ba.

Na ɗauko gwangwanin. Ya sa matata ta tafasa ruwa a tukunya muka jefa tamostan, ya ce in gaya masa in ya buɗe baki. Ya buɗe. Na mayar da shi, Baba na zaune a kujera yana jin ƙas ɗin sifanata yana taɓe baki. Da inji ya yi zafi ya ce a yanko masa guntun tiyon ban ruwan fulawa. Ya sa baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireto na farko, sannan na biyu, yana sauraron yadda kowanne ke zuƙar iska.

"Na baya ya fi haɗama. Rage masa kaɗan. Ƙara. Tsaya nan."

Ni ke riƙe da sukudireba, shi ke ji. Can sai rawar ta tsaya cak, silinda shida suka koma magana da murya ɗaya. Ya miƙo mini tiyon ya ce in saurara da kaina, don gobe ba ya nan. Wannan ne karo na farko da Baba ya koya mini wani abu na sana'arsa.

Ran Lahadi da safe na ɗauke shi muka hau titin filin jirgi, hanya fetal. Da na sa giya ta uku motar ta manna mu da kujera. Na saci kallonsa, na ga tsoho ya riƙe hularsa yana dariya.

"Taka mata!" ya ce. "Ai ba jaki ba ce."

A dawowa muka tsaya kasuwar kifi ta Kado. Ina kashe mota sai ga ɗan Filaton nan, shi ma ya zo cefane. Ya gaida Baba, ya ce ya ji kukan injin tun daga nesa.

"Baba, wannan aikin hannunka ne, ko?"

"A'a," in ji Baba. "Ɗana ne ya ɗaura shi. Ni kunne kawai na ara masa."

Da mutumin ya wuce, muka sayi kifi muka koma mota, Baba ya ce in miƙo hannuwana. Na miƙa, kamar yadda na saba tun ina firamare. Baƙin mai ya cika farcen, babu lemon tsamin da zai fitar da shi. Ya kai su hancinsa ya sunsuna, ya daɗe. Ina jiran ya saki, sai na ji ya ƙara damƙe su.

"Duk dukan nan da na yi, ashe asara na yi," ya ce. "Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Na tsaya ina kallon hannuwan namu. Sai da ya zungure ni ya ce in tayar mu tafi, kifin zai lalace.