Malam Datti da Rabin Tifar Firisila

Da hantsi za ka tarar da Malam Datti a bencinsa na ƙofar shagon ɗinki a unguwar Dilimi ta Jos, kofin shayi a hannu, mutum biyu a gabansa suna son haɗa jari. Ba ya sa musu albarka sai sun amsa masa: wa ya kawo kuɗi, wa ya kawo ƙarfi, in asara ta zo wuyan wa za ta hau, ranar rabuwa kuma yaya za a yi. Bana gwiwa ta kayar da shi, ya ce ya huta.

Ni ba na yabo da arha. Ramin kuza ya rufta da ni a Naraguta na fito da ƙafata. Ban taɓa zama a aji ba, amma ba a haifi mai cuta ta a ciniki ba. In na ce mutum ya isa, to ya isa.

A gabana aka yi ta Firisila. Mijinta Charles da Musaddiq direba sun haɗa kuɗi sun sayi tifar yashi. Charles ya rasu ya bar ta da yara, abincinsu kuwa rabin motar nan ne. Musaddiq, bashi ya sha masa kai, ya zo gaban Malam Datti yana cewa mota ta mutu, a sallami matar da kuɗin tsohon ƙarfe.

Malam Datti ya kurɓi shayi. "Musaddiq, ka tuna sharaɗin da kuka ɗauka kai da marigayi? Ranar rabuwa ɗaya ya yanka farashi, ɗayan ya zaɓa, ko ya saya ko ya sayar. Ka riga ka yanka, kuɗin ƙarfe ka ce. Maman yara, zaɓi naki ne."

"Baba, a wannan kuɗin na saya," in ji Firisila. "Ko da injin niƙana zan sayar."

Sai ga Musaddiq yana gumi, duk sanyin Jos. "Haba Baba, injin motar fa sabo ne."

"Oga, ashe ta tashi daga matattu," in ji ta.

Muka kwashe da dariya. Malam Datti ya ɗaga hannu, muka yi tsit. "Matsi ne ya sa shi, ba hali ba. Sake yankawa, ɗana. Ba mu ji ta farko ba."

Ya sake, wannan karon da gaskiya. Firisila ta sayar masa da rabinta, ya biya ta kashi-kashi, ta kama sarin dankali. Yaranta ba su bar makaranta ba.

Malam, kai ne ma'aunin da ba ya karkata. Ba ka da hatimi, ba ka da ofis, ladan zama ma ba ka taɓa karɓa ba. Mun gode, Allah Ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma masu shiga tsakanin abokan jari, ku yi koyi. In kun karɓo wa mai rauni haƙƙinsa, ku bar wa ɗayan mutuncinsa. Har yau in Musaddiq ya wuce da yashi, sai ya tsaya ya gaida Firisila.