Takardar da Malam Habu Baduku Ya Dangwala

Ku matso nan kusa, ƴaƴana, ku da kuke riƙe da bokiti da tsumma a gidajen likita yanzu, akwai abin da nake so ku ji daga bakina tun ina da sauran haƙoran faɗarsa. Fuskokin da na wanke wa ciwo sun ɓace mini da yawa, amma Asabar ɗin da na kama yatsan Malam Habu baduku na danna shi cikin tawada, ita kam ban taɓa mantawa da ita ba.

Iya Gambo ake ce mini. Shekara goma sha shida na yi a wata kilinik mai zaman kanta a nan cikin Damagaram. Ba zan kama sunanta ba, ba don ta cancanci sutura ba. Aikina shara, goge ƙasa, wankin zannuwa, da riƙe majinyaci in ana masa ɗinki. Lekol, wato makarantar boko, ban wuce aji uku ba, wannan rubutun ma a yaƙi da jahilci na kama shi da furfurata. Ga wanda bai san tsarin wurin ba: a sama akwai lokotoro, wato dokta, shi ne mai gidan. Ƙarƙashinsa majo, wato shugaban malaman jinya. Sai malaman jinya, sai kyanwar wurin, sai mu. Amma mai tsumma tana da riba ɗaya: ba a ganinta, don haka ba a rage murya in ta shigo.

Ran Litinin da hantsi aka kawo Malam Habu. Dattijo ne mai ɗinkin alabe da kube da takalman fata, kabu-kabu ya kayar da shi a bakin kasuwa. Hannun dama ya karye ƙasa da gwiwa, babban yatsan hagu kuma ya tsage. Lokotoro yana Yamai wajen taro, irin tarurrukan nan da ake dawowa da sabuwar jaka. Majo ya yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, ya ɗinke yatsan ya naɗe da bandeji, ya sa wa hannun filatir, wato farin simintin nan na ɗori. Ni na riƙe masa.

Ƙa'idar filatir ɗaya ce, har ni da ba ni da diflom na haddace ta. Ana gaya wa mutum: in yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko zafi ya wuce hankali, ka dawo da gudu a tsaga shi. Ran nan ba a faɗa ba. Majo yana naɗi da hannu, waya maƙale a kafaɗa, yana cinikin fili.

Talata da safe sai ga Malam Habu, ya tallabe hannun kamar jariri.

"Majo, hannun nan ci yake kamar an zuba garwashi a ciki. Dubi yatsun."

"Malam, karaya ce, ba kunun zaƙi ba. Ka sha maganinka."

"Ni dai shekara arba'in ina ɗinkin fata. Na san abin da ya yi daidai, na san wanda ya matse. Wannan ya matse."

"To ai sai ka zo ka karɓi farar rigata, ni in je in zauna maka ɗinkin alabe."

Malaman jinya suka kwashe da dariya. Dariyar majo ai farilla ce ga na ƙasa da shi. Dattijon ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya juya.

Laraba ya sake dawowa, matarsa Inna Zali tana biye da shi. Yatsun sun yi baƙi kamar ɗinya, ya ce ba ya jin su. Na faki ido na taɓa, sanyi ƙalau. Na ce, "Majo, yatsun nan fa sun yi sanyi."

Ko kallona bai yi ba. "Iya, an yi amai a ɗaki na biyu."

Ya yi masa allurar kashe zafi ya sallame shi. Ku riƙe wannan: zuwan Talata da na Laraba, ba a rubuta ko ɗaya ba, ba a rajistar kilinik ba, ba a karne ba, ɗan littafin nan da majinyaci ke tafiya da shi gida. A wajen likita kuwa, abin da ba a rubuta ba bai faru ba.

Asabar lokotoro ya dawo, aka kuma kawo Malam Habu. Da lokotoro ya ga yatsun sai ya ɗauko almakashi ya tsaga filatir da kansa. Ba zan kwatanta muku abin da muka gani ba. Ya ja majo ofis, suka yi ta Faransanci sama-sama, na ji an buga tebur sau biyu. Can sai ga majo da takarda da tampo na tawada, fuskarsa kamar ta mai zuwa barkar suna.

"Baba, takardar tura ka babbar likita ce. Dangwala nan."

Yau ya zama Baba. Hannun dama ba ya motsi, yatsan hagu yana cikin bandeji tun Litinin. Majo ya ce in kwance. Na kwance, na kama yatsan, na danna a tawada, na danna a takarda. Malam Habu ya dube ni ya ce, "Sannu Iya, Allah ya saka da alheri."

A babbar likita, wato babban asibiti, an ceci hannun daga yankewa, amma naman ciki ya riga ya mutu. Yatsun suka lanƙwashe kamar ƙafar kaza, ba su sake riƙe basilla ba.

Malam Habu yana da ƴa, Zara, malamar lekol a Takieta. Ita ta zo neman dosiyen mahaifinta, wato duk takardun jinyarsa. Yau a ce makulli yana wajen majo, gobe a ce majo ya fita, jibi a ce sirrin likita ne. Sirrin wa? Hannun mutum, ciwon mutum, a ce masa sirri! Sai da ta ɗauki lauya sannan makulli ya fito.

Wata Juma'a bayan la'asar ta yi sallama a gidana, ina tankaɗe. Ta zauna bakin tabarma ta karanta mini takardar da Hausa. Wai ran Litinin an ce majinyaci ya kwana a duba shi ya ƙi, an gaya masa haɗarin ya ce ya ji, ya tafi bisa raɗin kansa, ya ce wajen maɗori za shi. Ga dangwalensa a ƙasa.

Rariyar ta faɗi daga hannuna.

Ta ce, "Iya, lauya ya yi mini bayani. Ba kowane ciwon da ya ƙi warkewa ake kai ƙara ba, likita bai yi alkawarin warkarwa ba. Abu uku ake nema: an yi sakacin da mai kula ba zai yi ba, an cutu, kuma sakacin ne ya jawo cutar. Cutar kowa yana gani. Amma wannan takardar ta ce Baba ne ya cuci kansa. In ta tsaya, ba shi da komai, ga hannu ya tafi, ga shi ya zama maƙaryaci. Ke kina wurin."

Na ce, "Ƴata, ni shara nake."

Ta dube ni, ta ninke takardarta, ta ce a gaida gida. Ina da jikoki huɗu a gabana, kuma tsumman nan shi ne tuwonsu. Ba yabon kaina na zo yi ba, abin da na ce ke nan.

Da sammaci ya iso kilinik, sai aka tuna da zumunci. Lokotoro ya haɗa dattawan unguwa uku, da ƙwaryar goro, da buhun sukari, za a je ban haƙuri. Ni ma aka ce in zo, don ni da Inna Zali unguwarmu ɗaya. Shekara goma sha shida ban taɓa shiga motar lokotoro ba sai don in wanke ta, ran nan har gaba aka sa ni.

Aka zauna a zaure, aka yi addu'a mai tsawo. Babban dattijon ya gyara murya.

"Malam Habu, kai ba yaro ba ne. Komai ƙaddara ne. Musulmi ba ya kai ƙarar abin da Allah ya rubuta masa."

"Alhaji, faɗuwata daga Allah ce, na karɓa. Karayata ma na karɓa. Zuwa biyu na yi ina roƙo a sassauta mini, aka yi mini dariya, wannan ba daga sama ya sauko ba. Amma ga magana: lokotoro ya faɗa a gabanku cewa an yi mini kuskure, ya yaga takardar nan da ta ce na je wajen maɗori. In ya yi, ku ɗauki sukarinku, na janye."

Lokotoro ya ƙura wa takalminsa ido, can ya ce lauyansa ya hana shi faɗin irin wannan magana. Kun ji fa. Sun zo neman gafarar laifin da suka ce ba su yi ba.

Muna tashi Malam Habu ya ce, "Iya Gambo, ashe har da ke. Ke kika riƙe mini yatsa ran nan, har na sa miki albarka."

Ni kam ban koma cikin motar ba, a ƙafa na tafi gida.

Yadda shari'ar take, alƙali ba likita ba ne, don haka sai ya naɗa wani lokotoro daga waje ya duba hannun da takardun ya rubuto abin da ya gani. Bayan nan a kira shaidu. Da takardar kirana ta zo, majo ya tare ni wajen famfo.

"Iyata ta kaina, ki ce ba ki tuna ba. Tsohuwa ce ke, wa zai zarge ki?"

Na ce, "Ai kuwa tsufa ya zo, Majo." Ya tafi yana murmushi.

A gaban alƙali aka rantsar da ni, tafinta yana tsakani. Na ce ran Asabar aka dangwala, ba Litinin ba. Lauyan kilinik ya miƙe, yana wasa da biro.

"Madam, kin iya karanta Faransanci?"

"A'a."

"To ta yaya kika san ranar da ke kan takardar da ba ki iya karantawa?"

"Yallaɓai, ni ba ranar takarda na sani ba, ranar yatsa na sani. Ran Litinin yatsan nan a tsage yake yana jini, majo ya yi masa ɗinki huɗu ya naɗe. A duba karne, da hannunsa ya rubuta. Ba a kwance ba sai Asabar, ni na kwance."

Aka ɗauko karne, ga ɗinki huɗu. Aka ɗauko takardar, ga dangwale tas babu ɗigon jini, ga layin ciwon da ya fara haɗewa ya fito fari a tsakiyar tawada. Daga nan na zayyano maganar Talata da ta Laraba kalma-kalma, har da ta karɓar farar riga. Tafinta ya sunkuyar da kai kafin ya juya ta. Wannan karon ba wanda ya taya majo dariya.

Damina biyu aka yi ana kai da kawo. A ƙarshe kotu ta ce an yi sakaci, ta ce kilinik ta biya diyya. Ni tun kafin hukunci aka ce mini aiki ya ragu, ko da yake ƙasar da nake gogewa ba ta ragu ba. Abokan aikina suka ce na fasa ƙwaryar da nake ci. Mutanen gari kuma, waɗanda gobe su ne a kan gadon, suka ce Malam Habu ya cika kwaɗayi, ya kai ƙarar ƙaddara. Yana nan a rumfarsa, ƙaninsa ke ɗinki, shi yana nuni da baki. Ni ina sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, jikokin ba su mutu ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Masu kirki a aikin likita suna nan, na ga waɗanda suka yi kuskure suka faɗa da bakinsu, kuma su mutane suka fi saurin yafe wa. Amma na lura in ciwo ya warke sai a ce gwanintarmu ce, in ya ɓaci sai a tuna da ƙaddara. Majinyaci yana da haƙƙin a gaya masa abin da za a yi masa da abin da zai kiyaye. Duk zuwan da ya yi, ya tsaya sai an rubuta a karne, kuma kada ya bar karnen a hannun kowa. Dosiyensa yana da ikon nema. Takarda kuwa, kada ya dangwala sai nasa ya karanta masa, ko da mai miƙo ta ya kira shi Baba.

Majo fa, za ku tambaya. An ce an dakatar da shi na ɗan lokaci. Bara wata mai kawo mini gyaɗa daga wani ƙauye ta wajen Gidimuni take ba ni labari wai sun yi sa'a, wani ƙwararre daga birni ya buɗe musu ɗakin magani, har ɗori yana yi. Ta kwatanta shi, na gane shi. Can lokotoro suke ce masa.

To ke da kike goge ƙasa yau a irin wannan ɗakin, in kika ji abin da bai kamata ba, ranar za ki buɗe baki, ko ke ma sai hannun wani ya mutu tukuna?