Kwamared Tanko da Kujeru Sittin

'Yan dako bakwai ne ke sauke min masara a Limancin Kona. Babbansu, Malam Tanko, shekararsa goma sha tara tare da ni. Ya ce buhu mai tiya arba'in ya gama cinye musu baya, ko a rage shi ko su bakwai ɗin su bar ni. Da aka gayyace shi jawabi a taron 'yancin ma'aikata a Kaduna, na ce zan raka shi in ji hukuncin manya.

Ƙofar Doka, shida saura kwata

Muna idar da sallar asuba muka hau motar haya. Na shige gaba, Tanko ya matsu a baya su huɗu, yana bitar jawabin da ya rubuto da ajami. A shinge na uku jami'i ya leƙo ya ce, "Sai ina?"

Direba ya ce, "Neman 'yanci za su, yallaɓai."

"To su taho mana da tsaraba."

Kaduna, bakwai da rabi

Taron ƙarfe tara sai sha biyu aka fara. Kowa a zauren Kwamared ne, daga mai ƙaton agogo har mai riƙe masa jaka. Wani ya ƙare wa kafaɗar Tanko kallo ya ce, "Kwamared, ɗan taimaka da kujerun can." Sittin ya sauke daga mota. Kafin ya goge gumi an zaune su kaf.

Ni babbar riga ta kai ni layin gaba, aka ajiye min shinkafa da kaza. Awa biyu ana nanata cewa duk ma'aikaci daraja ɗaya ce. Tanko na tsaye bakin ƙofa da ruwan leda. Da aka zo kansa aka ce lokaci ya ƙure, sannan aka neme shi ya mayar da kujerun.

Hanyar gida

Na waiga ina dariya na ce, "Ka ga mutanenka."

"Na gani, Alhaji. Su ko banza sun ce min Kwamared. A wajenka shekara goma sha tara 'kai, zo nan' nake ji."

Muka iso Ƙofar Doka da la'asar lafiya, mun gode Allah.

Na yi asarar yinin kasuwa, na ci kaza. Washegari na sa aka raba buhu tiya ashirin-ashirin, su bakwai suna nan. Jawabin kuwa Malam Tanko bai yafe ba: ya karanta min shi har ƙarshe yana zaune a kujerata, ni ina tsaye.