Kwanon Malama Rifkatu

Ina kasuwar Samaru ina zaɓen tumatir aka kira ni a waya, aka ce Malama Rifkatu ta rasu a asibiti, a Shika. Na ajiye tumatirin. Kafin kuka ya zo mini, fushi ya riga shi.

Mun daɗe muna koyar da Turanci a makaranta ɗaya. Duk lokacin da darasi ya kai kan kalmar nan mai nufin raba mutum da nasa, sai ta rufe ƙamus. "Shiga tsakani, haɗa gaba, yanke zumunci, duk aiki ɗaya ne," in ji ta. "Kuma mai yinsa ba ya zuwa da wuƙa, da sallama yake shigowa." Yara su yi dariya. Ita ba ta yi, don an yi mata.

Ƙanwarta Hajara ta musulunta, ta yi aure a unguwar Muciya. Wannan bai raba su ba. Da babbar sallah Hajara kan aiko da nama a kwano, da Kirsimeti kwanon ya koma mata da shinkafa da kaza. Sai wata shekara wasu mata suka je suka ce wa Hajara wai yayarta ba ta cin naman layya, karnuka take zuba wa. Ƙarya ce tsagwaronta. A gabana take soya shi, tare muke ci.

Tun daga nan kwanon Kirsimeti yake dawowa a rufe, Malama kuma ba ta fasa aikawa ba. Na ce, "Malama, bari in je in faɗa mata gaskiya." Ta ce, "Asabe, zauna. In sai an kawo shaida ƙanwata za ta yarda da ni, me ya rage?"

Jiya na ga matan nan a gidan makoki. Sun fi kowa kuka, sun fi kowa cin abinci. Hajara ce ban gani ba.

Hajara, ranar Asabar za a binne yayarki. Kwanon yana hannuna. Ba zan aiko miki ba, ki zo da ƙafarki ki karɓa.

Allah ya ji ƙan Malama Rifkatu, ya ba ta hutu, ya ba 'ya'yanta haƙuri. Allah ya sassauta zuciyar Hajara kafin a rufe ƙasa. Masu shigowa da sallama kuwa, na bar su da Shi.